Littafin Inna: Yadda Aikin Ke Tafiya

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau wata uku cif da rasuwar Inna, kakata ta wajen uba. Ranar Juma'a ta cika, bayan an sauko daga masallaci, a ɗakinta na Tudun Wada, a nan Kaduna. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya haskaka makwancinta.

A kwanakin zaman makoki, duk wanda ya shigo gaisuwa magana ɗaya yake yi: "Allah Ya jiƙan Inna, mace mai hidimar iyali." Na ji kalmar nan har ta daina shiga kunnena. Sai ran nan 'yar yayata mai shekara tara ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Anti, wace irin hidima Inna ta yi?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba, sai tuwon dawa da miyar kuka, sai canjin da take kwancewa daga bakin zane ta ba mu in za mu makaranta. A ɗakin matar nan na girma, tana kirana kishiyarta, amma iyakar sanina ke nan. Abin ya tsaya min a rai.

Don haka na ɗaura aniyar tattara tarihinta daga bakin waɗanda suka san ta, in mai da shi ɗan littafi saboda jikoki da tattaɓa-kunne. Burina a raba shi da Babbar Sallah, lokacin da kowa ke gida. Kayan aikina waya ce ta ɗaukar murya, da littafin rubutu, da zauren iyali na WhatsApp. Baba ya amince, da sharaɗin kada in riƙa sa sunayen mutane a nan, sai dai yadda muke kiransu a gida.

Lahadi, 14 ga Janairu

Tun a layin farko na maƙale: yaushe aka haife ta? Fasfonta na aikin Hajji ya ce 1 ga Janairu, 1940, irin ranar da ake rubuta wa duk tsohon da ba shi da takardar haihuwa. Ita kuwa Inna ba ta lissafi da lamba, da abin da ya faru take yi.

Na kira ƙanwarta da ke cikin birnin Zariya, wadda muke ce wa Inna Ƙarama. Kunnenta ya yi nauyi, sai da jikarta ta riƙa maimaita mata tambayata. Ta ce shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba, Yaya ta fara ƙirgar dangi. Wannan 1956 ke nan. Damina biyu bayan haka aka ɗaura mata aure, aka kawo ta Kaduna a jirgin ƙasa, da adakarta da tabarma da wata tsohuwa 'yar rakiya. In auren 1958 ne, tana da shekara goma sha biyar ko kusa da haka, to haihuwarta ta faɗa wajen 1943. Haka zan rubuta: wajen 1943.

Da irin wannan lissafin na gyara shekarun Baffa na Abuja. Inna ta sha faɗa mana cewa kwana uku bayan kashe Sardauna ta haife shi, cikin azumi, gari ya yi tsit, ungozoma ma da ƙyar ta yarda ta fito. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, kuma lallai cikin Ramadan ne. Gobe shekara hamsin da takwas ke nan.

Asabar, 27 ga Janairu

Goggo Auta ta zo da makulli muka buɗe adakar. Ƙamshin turaren wuta da kanumfari ya fara tarbarmu, sai da muka ɗan dakata.

An riga an raba suturarta. Abin da ya rage a ƙasa: carbi biyu, tandun kwalli, tsofaffin sulalla da kwabbai masu huda na kafin a koma naira a 1973, katin asibitin awo na Goggo Auta, kaset guda ɗaya ba rubutu a jikinsa, da littattafan rubutu na 'yan makaranta guda uku da aka ɗinke wuri ɗaya da baƙin zare. Duk shafukan cike suke da ajami, wani da tawada, wani da biro, wani da fensir da ya kusa gogewa.

Ba wanda ya san da su. Mun san mahaifinta malamin allo ne, mun san tana karatun Alƙur'ani kullum bayan asuba, amma ko sau ɗaya ban taɓa ganin ta riƙe alƙalami ba. Na gwada karantawa na kasa, don ba ta sa wasali sosai, kuma hannunta irin na makarantar allo ne. Zan nemi mai karanta min.

Hoto kuwa babu. Mafi tsufan hotonta da muke da shi na fasfo ne. Ba mu da fuskarta tana budurwa ko tana goyo.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Awa biyu da Baba, bayan la'asar. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta yau ba.

A Makera suka tashi, gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya, bayi biyu. Kakanmu, Baba Tsoho, ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Masaƙa ta farko, KTL, a 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna. UNTL ta biyo baya a 1964, wasu suka ƙaru, daga baya kamfanin harhaɗa Fijo ya zo a 1975. Baba ya ce unguwar gaba ɗaya da jiniyar masaƙa take kwana take tashi: masu aikin safe na shiga, na dare na fitowa da farin auduga a gashin kai, kekuna kamar fari. A gidan nasu akwai Bazazzagi, Banufe, Bayarabe, mutanen Kagoro da na Zonkwa, Tibi. Hausa kowa ke ji.

Albashin Baba Tsoho ba ya kai wata. A nan hidimar ta fara fito min a fili. Inna tana cikin kulle, ba ta fita, amma ƙarfe uku na dare take tashi. Waken da ta jiƙa tun daren jiya ta surfe shi, ta niƙa, ta dama koko, ta soya ƙosai, kafin jiniyar asuba komai ya isa bakin ƙofar masaƙa. Da hantsi ta ɗora shinkafa da wake na masu fitowa da rana. Ranakun da babu aiki ta soya gyaɗa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Ita ce kuma uwar adashin matan gidan da na maƙwabta, Musulmi da Kirista, don an san ko kwabo ba ya ciwon kai a hannunta.

Da Baba Tsoho ya rasu a 1985, lokacin tsadar kaya da layin sayen madara da sabulu, 'yan'uwansa sun so a raba yaran. Ta ce ba inda za a kai mata ko ɗaya. Bayan ta fita takaba ta ƙara tukunya.

Na tambayi Baba, tunda ba ta fita, wa ke kai abincin bakin masaƙa? Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Wannan ki tambayi Goggonki Babba."

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na je Rigasa wurin Goggo Babba. Na tarar da ita a kan keken ɗinkinta. Da na kunna waya ta ce in ajiye ta kusa, tana so a ji da kyau.

"'Yar nan, kowa ya ce Inna ta yi hidima, kuma gaskiya ne. Amma a kan wa aka ɗauki hidimar?" Sai ta zame ɗankwali ta nuna min tsakiyar kanta, inda gashi ya ƙi fitowa. Wurin gammo ne.

Ita ce 'yar fari, haihuwar 1960. Tana aji huɗu na firamare aka cire ta. Ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi, har hedimasta ya zo gida sau biyu yana roƙo. Inna ta ce daga bayan labule, in yarinyar nan ta zauna a aji, ƙannenta ba za su ci ba, balle su yi karatu. Daga nan ta fara sawu uku kullum da roba a ka, cikin sanyin hunturu, cikin ruwan Agusta. Tana tsaye a bakin masaƙa 'yan ajinsu za su wuce da yunifom, sai ta juya fuska bango. A 1976, shekarar da aka fara ilimin firamare kyauta na UPE, aka ɗaura mata aure.

"Baffanku ya yi digiri a Zariya, babanki ya yi difloma, Auta ta zama malamar asibiti. Ina murna, Allah Ya sani. Amma ba a taɓa zaunar da ni an ce min sannu ba. Ita kuma kin san alkunya, ko sunana ba ta taɓa kamawa ba, balle ta ce min wani abu."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Na ce, "Goggo, in sa wannan a littafin?" Ta ce, "In ba za ki sa ba, me ya kawo ki?"

Laraba, 21 ga Fabrairu

Magana ta kai Abuja. Baffa ya kira ni da dare, ransa a ɓace. Ya ce addini ya hore mu da ambaton alherin mamaci, littafin addu'a muke so ba na tone-tone ba. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ka ba ni lokaci."

Na kwana ina juya maganarsa, kuma ina ganin girmansa, amma ban yarda ba. Goggo ba ta zagi Inna ba. Mace ce da aka ba ta baki goma da kwano ɗaya, ta zaɓi abin da ta ga zai tserar da mafi yawa, kuma zaɓin ya faɗa kan yarinya 'yar shekara goma. In muka rubuta cewa Inna ta ilmantar da 'ya'yanta muka tsallake kan da ya ɗauki robar, mun sake cire Goggo daga aji ke nan. Zan rubuta babin, in ajiye shi, a yanke shawara daga baya.

Asabar, 2 ga Maris

Tsohon limamin unguwarmu ya yarda zai riƙa karanta min ajamin duk Asabar bayan azahar, a zaurensa. Yana karantawa ina rubutawa da boko. Ya yaba hannunta, ya ce wanda ya koya mata ya san aikinsa.

Littafi na farko duk lissafin adashi ne: wance ta zuba, wance ta kwasa. A farko sule da fam, can gaba naira da kwabo. Na biyu ne ya sa Malam ya gyara zama. A saman shafin ta rubuta "'ya'yan amana", a ƙasa sunaye goma sha huɗu. Yaran da ta riƙa ne, ban da bakwai da ta haifa. Kowane suna da bayaninsa: ɗan wane ne, yaushe aka kawo shi, yaushe ya tafi. Matan da ta aurar har kayan ɗakinsu ta jera: gado, katifa, samira, kwalla, tabarma, fitila. Ni shida na sani a cikinsu, kuma biyu daga ciki na ɗauka ƙannen Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta goma sha ɗaya sunan rana ne da ita, irin na wadda aka haifa ran Lahadi. A gabansa an rubuta: "uwarta ta rasu wurin haihuwa, na shayar da ita tare da Auta." Malam ya ɗago ya ce, "'Yata, wannan ai ba 'yar riƙo ba ce kawai. Goggonki ce ta shayarwa. Tana ina?" Na ce, "Allah gafarta Malam, sai na tambaya."

Da na karanta wa Baba sunan, ya daɗe yana kallon ƙasa. 'Yar wani abokin aikin Baba Tsoho ce, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, ɗakinsu na kallon na Inna. An haife ta 1975, sati biyu tsakaninta da Goggo Auta. Rabonsu da ita tun rikicin Fabrairun 2000, lokacin da Baba ya je da motar haya ya kwaso Inna daga Makera ya dawo da ita Tudun Wada. Wayar hannu ba ta zo ba sai 2001, ba lambar kowa a hannun kowa. Garin ya rabe, Musulmi suka yi arewacin kogi, Kirista suka yi kudu. Ya ce Inna ta yi ta cigiya, daga baya ta daina faɗa, sai dai duk Kirsimeti takan yi shiru.

Sai na tuna wata Anti doguwa da ke ba mu cincin a Makera ina ƙarama. Ashe ita ce.

Asabar, 9 ga Maris

Kaset ya yi magana. Na sami tsohuwar rediyo mai kaset a Kasuwar Barci, wani mai gyara a Panteka ya canza mata bel, ya kuma haɗa zaren kaset ɗin inda ya tsinke. Muka taru a falo bayan isha'i, na ɗora waya a bakin lasifika.

Saƙo ne ta yi wa Baffa a 1990, yana bautar ƙasa a Kuros Riba. Minti goma sha ɗaya. Muryarta da ƙarfi, da sauri, ba irin ta tsufa da na sani ba. Ka riƙe salla. Kada ka ci naman da ba ka san yankansa ba. Na aiko maka da yaji da daddawa da ƙuli, ka ba maƙwabtanka. Sannan ta shiga jero masu gaisuwa, kowa da sunansa, har yaran maƙwabta. Da ta zo kan Goggo Babba sai ta ce, "Babbar yayarku ma tana gaishe ka."

Can wajen minti na takwas, daga nesa, jiniyar masaƙa ta yi kuka a bayan muryarta. Baba ya tashi ya fita waje.

Lahadi, 24 ga Maris

Azumi na goma sha huɗu, aiki ya ja baya. Ina da awa tara na murya, huɗu kawai na juye a takarda, bayan asham nake ɗan taɓawa.

Azumin farko ke nan babu ita. Da la'asar rediyonta ke kan tafsirin Masallacin Sultan Bello, al'adar da ta riƙe tun zamanin Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992. Kafin a sha ruwa kwano bakwai ke fita daga gidan nan, ta san gidan da kowanne zai shiga. Mama ta ci gaba da fitar da su. Kunun tsamiyar ne dai har yau bai yi irin nata ba. Na tambayi mutum uku yadda take yi, kowa da abin da ya faɗa, duka na rubuta.

Asabar, 20 ga Afrilu

Ni da Baba mun je Makera. KTL ta tsaya tun 2002, UNTL ta rufe a 2007. Dogayen katangu ne yanzu da ciyawa, ƙofofin da Goggo ke tsayawa sun yi tsatsa. Na ɗauki hoton ɗaya.

Gidan hayar na nan, an yi masa sabon fenti, ba fuskar da Baba ya sani. Wani dattijo a teburin mai shayi, tsohon ma'aikacin masaƙa, shi ya gane Baba: "Kai ba ɗan mai ƙosai ba ne?" Ya ce mahaifin yarinyar nan da Inna ta shayar ya koma Sabon Tasha bayan rikici, ya rasu da daɗewa. Ya haɗa mu da wata mata 'yar zumuntar matan coci, ta ce a ba ta sati biyu.

Lahadi, 5 ga Mayu

Mun same ta. Zan rubuta wannan da kyau tun ban manta komai ba.

Lambar ta biyo ta hannu uku. Baba ya kira ta ranar Alhamis, ya faɗi sunansa kawai, sai muka ji ihu ta cikin waya: "Yaya!" Bai gaya mata rasuwar ba, ya ce irin wannan ba a faɗa ta waya. Yau bayan an tashi daga coci muka tafi, ni da shi da Goggo Auta. Daga ƙofar gidanmu zuwa ƙofar gidanta a Sabon Tasha, har da cunkoson gada, minti arba'in. Shekara ashirin da huɗu.

Malamar firamare ce, 'ya'yanta huɗu. Suka rungume juna ita da Goggo Auta, suka ƙi saki. Ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaida Baba, sannan ta dubi ƙofa ta ce, "Ina Inna? Ƙafa ce ta hana ta zuwa?"

Baba ya ce, "Sai haƙuri. Inna ta riga mu gidan gaskiya, wata bakwai ke nan."

Ta zauna a ƙasa daɓas. Ta daɗe kafin ta ce, "Inna ta tafi, ba wanda ya neme ni?" Baba ya ce, "Laifinmu ne, ki yafe mana." Ta girgiza kai ta ce nata ne. Tana karatu a Kafanchan rikicin ya tashi. Da ta dawo ta tarar da ɗakin Inna a buɗe, ba kowa. An ce mata suna Tudun Wada. Shekarun farko tsoro ya hana ta shiga, daga baya kunya: da wane ido za ta kalli Inna bayan shekara biyar, bayan goma?

Da ta natsa ta ba mu labari, na roƙi izini na kunna waya. Har ta kai shekara bakwai a ɗakin Inna take kwana, don mahaifinta aikin dare yake yi. Ta iya Fatiha tun ba ta san me take faɗa ba, saboda a bayan Inna take jin ta. Amma duk ranar Lahadi Inna za ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta sa mata rigarta mai kyau, ta ba ta kwabon baiko, ta miƙa ta ga maƙwabciya ta tafi da ita coci. Wata mata ta taɓa ce wa Inna, tunda ke kika shayar da ita, me zai hana ki riƙe ta a addininki? Inna ta ce uban yarinya amana ya ba ta, bai ba ta kyauta ba.

Sannan ta shiga ɗaki ta fito da Littafi Mai Tsarki, ta zaro hoto daga tsakiyarsa. Baƙi da fari, na situdiyo, an rubuta 1977 a baya, shekarar hawan dabar bikin al'adu na FESTAC. Mace ce siririya a zaune, ɗaurin ɗankwali ya karkata gefe, da yara biyu a cinya sanye da riga iri ɗaya. Ba ta murmushi, tana kallon mai hoto ido cikin ido. Mahaifin Anti ne ya biya kuɗin hoton, ya roƙi Baba Tsoho ya bar ta ta fita.

Ban taɓa ganin Inna da ƙuruciya ba sai yau. Hancin Goggo Babba ne sak.

Ta ba ni aron hoton, da alƙawarin zan mayar mata da hannuna.

Asabar, 18 ga Mayu

Mun gama littafi na uku da Malam. Yawancinsa bashi ne da biyan bashi, da kuɗin makarantar Baffa zango-zango. Shafuka biyu na ƙarshe daban suke.

A sama an rubuta "kuɗin keke", sai sunan Goggo Babba, sunanta na yanka, cikakke. A ƙasa layi ashirin da shida, naira biyar, naira uku, wani wurin naira ɗaya, kuma kowane layi da sunan ta fara shi. Kusa da ƙarshe ta rubuta "an canza kuɗi", wato canjin launin naira na Afrilun 1984, zamanin Buhari na soja. Layin ƙarshe: "an saya, na ba Malam ya kai mata."

Malam a nan mijinta take nufi, Baba Tsoho. Keken nan da na tarar da Goggo a kai ne. Shekara arba'in tana cewa mahaifinta ya saya mata.

Daga zauren Malam Rigasa na wuce kai tsaye. Ban yi bayani ba, na buɗe shafin na ajiye mata a cinya. Ta yi allo, ta gane sunanta. Ta ɗora yatsa a layin farko, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, leɓenta na motsi. Da ta kai ƙarshe ta koma sama ta sake. Sai ta ce, "Ashe tana kiran sunan."

Ta ce in bar mata littafin ya kwana. Na bari.

Lahadi, 19 ga Mayu

Goggo ta kira da sassafe. "Abin da na faɗa miki kada ki cire ko kalma ɗaya. Amma ki sa hoton shafin nan a kusa da shi."

Talata, 4 ga Yuni

Saura kwana goma sha biyu Sallah, in an ga wata yadda ake zato. Ga inda aka kwana.

An buga shafi sittin da huɗu a kwamfuta, babi takwas. Goggo Auta ta karanta ta gyara min wurare biyar, har da sunan unguwar da aka haifi Inna. Mai ɗab'i ya ce in na kai masa ranar Litinin zai ba ni kwafi sittin kafin jajibiri. Hoton 1977 ne a bango.

Na tura wa Baffa babin Goggo tare da hoton shafin keke da muryar kaset. Kwana huɗu bai ce komai ba. Jiya ya turo kuɗin ɗab'in gaba ɗaya, da saƙon murya: a ƙara a babinsa cewa takalmin da ya fara shiga sakandare da shi, da cinikin ƙosan Yaya aka saya, kuma da Sallah yana so ya faɗa mata da bakinsa a gaban yara. Na ƙara.

Cikin 'ya'yan amana goma sha huɗu, na yi magana da takwas, uku sun rasu, uku ban same su ba tukuna. Ɗaya an ce yana Legas wajen Agege, na ba wani direban tirela saƙo. Na bar shafi biyu fari a ƙarshen littafin saboda su. Tarihin kafin aurenta har yanzu siriri ne, shafi uku kacal, don haka ranar Asabar zan tafi Zariya in zauna da Inna Ƙarama ido da ido, tunda waya ba ta yi mata.

Anti ta Sabon Tasha za ta zo ranar Sallah da yaranta. Ta roƙi abu ɗaya, a bar ta ta shiga ɗakin Inna. Mama ta so a kwance gadon a yi fenti kafin baƙi su zo, yanzu an fasa sai bayan ta zo. Jibi Alhamis, in na tashi daga aiki, zan haye gada in mayar mata da hotonta.